Randunan Hong Mingdao

Duk wanda ya taɓa sauka a Haikou, babban garin tsibirinmu, ya bi ta tsohon titin nan mai benaye da rumfuna da sassafe, da wuya a ce bai ga Hong Mingdao ba, in ma bai gan shi ba to ya ji shi. Gajere ne, rana ta gasa shi, haƙoransa jajir da goron binlang, kullum yana jingine da wata tsohuwar ƙaramar bas wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an daka mata kafaɗa. Aikinsa ya ɗauki baƙi ya zaga da su gari, ya kai su dutsen da ya taɓa aman wuta, ya dawo da su kafin rana ta faɗi. Amma direbobin da suke layi ɗaya da shi cewa suke yi sana'arsa surutu, tuƙin gyara ne yake ƙara wa mutum.

Tun kafin baƙo ya gyara zama ya fara. "Kun karya? Kada ku ci taliyar otal, ku zo in kai ku lungun bayan kasuwa, inda tsohuwa take zuba wa mutum gyaɗa da hannu ba da cokali ba. Ke 'yar'uwa, wannan takalmin na rawa ne, dutsenmu zai cinye shi kafin ki kai sama, koma ki sako mai igiya. Kwakwa kuwa kada ku saya a bakin ƙofar shiga, ku bari mu yi gaba kaɗan, kuma ku zaɓi koriya. Dutse da safe ake hawansa, wanda ya bari rana ta take sai dai a sauko da shi a kafaɗa. Masu son ganin kurmin bakin teku ku tambayi mai kwalekwale lokacin cikar ruwa, in ba haka ba laka za ku je ku kalla. In kuma kun ji an ce guguwa tana tafe daga teku, ku zauna a ɗaki ku sha shayi, ba ta san baƙo ba." Haka zai yi ta yi har a isa, kuma abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Mutumin ƙauyenmu ne, can yankin Shishan. Ƙasarmu baƙin dutse ce mai huji-huji kamar soso. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin ka sa takalmi ƙasa ta shanye shi tas. Babu rafi, babu tafki, rijiya kuwa sai ka gangara cikin rami mai duhu kamar ba za ka dawo ba. Mingdao ya yi wannan gangarar tun yana ƙarami, har yau akwai kanta a kafaɗarsa inda sandar ɗaukar ruwa ta ci. Saboda haka kowane gida yake jera randuna a ƙarƙashin indararo. Da can in za a ba da 'ya, ba a tambayar zinariya ko gona. Dangin yarinya ne za su tako har gidan saurayi, su ƙirga randunan gindin bango, su ɗebi ruwan su kurɓa, sannan su yi magana, domin gidan da randa ta yi yawa 'yarsu ba za ta tsufa a hanyar rijiya ba. Uban Aju, matar Mingdao, haka ya zo da sandarsa yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya don ya ji ko akwai mai tsaga. Ya kurɓa, ya goge baki, ya ce a kawo binlang, alamar ya ba da 'yarsa.

Daga baya aka jawo mana famfo. Masu otal-otal suka riƙa zuwa da manyan motoci suna kwashe randuna suna dasa furanni a ciki, mutane suka sayar suna murna. Mingdao ya ƙi. Har ma in maƙwabci zai rufe gida ya koma birni, sai ya je ya roƙi nasa ya ƙara a layi. Kullum da yamma a nan yake ƙarasa yawo da baƙinsa, ya ba su labarin ƙirgar randa yana kwaikwayon tafiyar surukinsa, su yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Su a ganinsu wasa yake yi.

Ba wasa yake ba. Ɗansa ɗaya tal, Alin, ya haura talatin babu mata, yana aikin karɓar baƙi a wani otal na bakin teku, yana haya a cikin gari. A wurinmu gidan da ɗa namiji ya bari ya mutu, babu mai kunna turare a ɗakin kakanni, babu mai share kaburbura in lokacinsu ya zo. Layinsu Mingdao kaɗai gidaje nawa ne saiwar bishiya ta fasa musu rufi, kaji suna kwana a gadon masu su. Duk safiya ta gabansu yake wucewa zuwa inda yake ajiye mota, kuma duk safiya sai gabansa ya faɗi. Abu ɗaya yake so a duniya, Alin ya kawo mata, ya zauna a tsibirin nan, a ji kukan jariri a gidan.

Wata ranar hutu Alin ya zo cin abincin rana, ya yi ta juya shinkafa a kwano, can ya ce, "Aba, akwai yarinya."

Mingdao ya ajiye tsinkayen cin abinci. "'Yar wane ƙauye ce?"

"Ba 'yar ƙauye ba ce. Sunanta Yalan, 'yar gidan Guan, daga Harbin. Aikin jinya take yi a nan cikin gari. Iyayenta suna zuwa duk shekara."

Wato irin mutanen can arewacin ƙasa da muke kira tsuntsayen sanyi, masu sauka in ƙanƙara ta rufe garinsu, su tashi in ta narke.

Aju ta ce, "Tana cin shinkafa dai ko? Kada ka kawo mini wadda za ta sa ni kwaɓa alkama da tsufana."

"Tana ci, Ama. Sun ce in sun ga mu mutanen kirki ne za su bar ta ta zauna a nan." Ya juya wurin ubansa. "Amma Aba, abu ɗaya nake roƙonka. Ka zaga da su gari, ka kai su dutse, mu ci akuya a gidan abincin bakin hanya, Ama ta same mu a can, mu juya. Kada ka kai su gida."

"Gidan da aka haife ka?"

"Ba yanzu ba. Uwarta tana da wuyar sha'ani. Bari a gama magana, in gyara ɗaki ɗaya, in fasa taga, in yi banɗakin zamani, sannan su zo."

"Nong," in ji Mingdao, don har yanzu da sunan yarinta yake kiransa, "wace irin mace ce ake bayarwa ba a ga gindin bango ba?"

"Don girman kakanni, Aba, ka ce to."

Ya ce to.

Washegari bai fita aiki ba. Aju ta same shi ya naɗe wando har gwiwa, ya zura rabin jikinsa cikin randa yana dirza da ɓawon kwakwa.

"Tsoho, me kake yi?"

"Wanke su nake, laifi ne?"

"Da kunnena na ji ka ce wa yaro to."

"Na ce zan kai wani wani wuri ne?"

"Tun ina da haƙora duka nake kallon ƙeyar nan taka, na san ta in tana ƙarya. Ka dai sani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Ya ci gaba da dirza. Shi a lissafinsa, ɓoye wa dangin yarinya gida ha'inci ne, irin abin da ake yi in akwai kuturu a ɗaki. Gobe su gano su ce an yaudare su. Kuma me zai ɓoye? A duk yankin babu gindin bangon da ya kai nasa. Ya wanke su sarai, ya goge bayansu har suna ƙyalli, ya saƙa sababbin marufai, ya sake zuba 'yan kifayen da muke sawa don su cinye 'ya'yan sauro. Aka yi sa'a kuma aka sheƙa ruwa kwana biyu, suka cika fal.

Ranar ta fara da kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Uban yarinyar, Guan, dogon mutum ne mai ƙatuwar murya, tsohon ma'aikacin masana'anta, tun a wurin taliya suka ƙulla da Mingdao, kafin a fita gari yana ce masa ƙanena. Yalan yarinya ce mai kunya, tana ce masa Baffa, ta karɓi kwakwa da hannu biyu. Uwar ce dai a ɗaure, da lemarta da ƙyallen goge hannu, komai sai ta goge kafin ta taɓa. Amma ita ma da aka hau dutsen iska ta kaɗa, ta leƙa ƙaton ramin ƙololuwar dutsen da ya cika da korayen itatuwa, ta hango gari da teku can nesa, sai ta sauke lemar. Guan ya buɗe hannuwa ya ce, "Kai! A nan ya kamata mutum ya tsufa." A gidan abinci Aju ta same su cikin rigarta ta biki. Aka kawo baƙar akuya a tukunya tana tafasa, uwar Yalan ta tsamo tsoka mai kyau ta sa a kwanon Alin da hannunta, ta ce ya ci, ya rame. Aju ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur. Magana ta ƙare ke nan, saura kawai a mai da mutane masaukinsu.

Da suka iso mararraba, hanyar gari tana dama. Mingdao ya karya hagu.

"Aba," in ji Alin daga baya. "Aba, ba nan ba ne."

"Tsoho," in ji Aju.

"Aba, na roƙe ka."

Ya ƙara wa rediyo murya, ya ce wa Guan yanzu zai ga abin da kuɗi ba ya saye.

Mota ba ta shiga lungunanmu, sai da ƙafa. Rana ta take, baƙin dutse ya ɗauki zafi yana mayarwa ta ƙasa da ta gefe. Suka wuce gidajen nan da babu kowa, suka wuce wasu tsofaffi biyu a gindin bishiya waɗanda suka bi su da kallo baki buɗe. Ƙofofinmu gajeru ne, Guan ya ƙwala goshi a dutsen sama har ya dafe bango. Kafin su tsaya a tsakar gida sauro ya gama da ƙafafun Yalan.

Mingdao bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Ya tsaya gaban randunansa ƙirji a buɗe, ya ba da labarin nan nasa, amma yau babu kwaikwayon tafiyar kowa. Ya ce wa uwar Yalan, "Yaya, bisimilla, ki ƙirga. Ki ƙwanƙwasa in kina so, babu mai tsaga." Ya buɗe ta farko, ya ɗebo da ludayin ƙoƙon kwakwa ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta leƙa cikin randar. Ɗan kifi ya juya ya nutse.

"Wannan kuke sha?"

"Akwai famfo, amma shayi ba ya daɗi sai da wannan. Alin da shi ya girma. Kuma duk jaririn gidan nan da ruwan wannan randar ake masa wankan farko. Zo ki ga ɗakin jego."

Wayyo, da ma ya tsaya a randa! Ya ja su ya tura wata ƙofa, ɗakin da aka haife shi, aka haifi Alin. Babu taga sai wani huji kamar tafin hannu. Gadon katako, gidan sauro sabo fil, ya ma sa an shafe bangon. Ya ce a nan Yalan za ta yi watanta in ta haihu, ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi, Aju za ta riƙa dafa mata kaza da citta. Yana faɗa yana murmushi, domin shi a wurinsa babu kyautar da ta fi wannan.

Uwar Yalan ta fito tsakar gida, ludayin yana hannunta ba ta kai baki ba. Ta ɗora shi a kan murfin randa a hankali. Mutanen can ba su iya kwana-kwana ba.

"Yaya Hong, kada ka ji haushina. 'Yata ɗaya ce. Na ɗauka ɗanka ɗan birni ne mai iyaye a ƙauye. Ashe ƙauyen ne yake jiran ta, har an gyara mata ɗaki."

"Ai ba dole ba ne, in ba ta so..."

"Ɗanka ya roƙe ka a cikin mota, a gabanmu, har sau biyu, ka ƙara wa rediyo murya. Ranar da 'yata za ta roƙe ka fa, ni ina can inda sai an hau jirgi?"

Mingdao ya sunkuya yana gyara murfin randa. Alin yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, kunnuwansa jajir. Aju ta shige madafa ba ta sake fitowa ba, ko sallama ba ta yi da baƙin ba.

Ba a fasa auren ba. Da an fasa ma da sauƙi, da ya ce wata za ta zo. Bayan 'yan kwanaki Alin ya bugo waya ya ce sun yarda, amma a Harbin za a zauna. Yalan za ta koma aiki can, an samo masa gurbi a wani otal, kuma ɗan fari sunan zuriyar Guan zai ɗauka, ba na Hong ba.

Mingdao ya sa rigarsa mai kyau, ya ƙulle binlang a jan ƙyalle kamar yadda ake zuwa neman aure, ya tafi benen da suke haya. Guan ya buɗe masa, da tabon ƙofarmu a goshi, ya zuba masa shayi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, ni a gidanmu jaka nake ɗauka, magana tana wurin uwargida." Mingdao ya juya wurin uwar. Ya ce su zauna a cikin gari, ba zai ce su kwana a ƙauye ko sau ɗaya ba. Ya ce yarinya ta haihu a asibitin da take so. Ya ce randunan ma gobe zai kira masu otal su kwashe, in ta fi so ya fasa su da guduma. Mutumin da ya kori masu saye shekara da shekaru, shi ne yake faɗin haka, hawaye yana bin kumatunsa.

Ta ce, "Ba randunan ba ne, Yaya Hong." Ta tura masa ƙullin binlang ɗinsa ba ta kwance ba.

A ƙasan benen ya tarar da Alin. Ya ce, "Nong, ka ce musu a'a. Akwai 'yan mata a tsibirin nan."

"Ina suke, Aba? Shekara nawa kana jira? Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya." Bai ɗaga murya ba. "Ina son ta, zan tafi."

Labari ya riga Mingdao isa shagon shayin ƙauye. Wani tsohon da ya sayar da randunansa tun tuni ya ɗaga kofi ya ce, "Mingdao, an ce sun ƙirga? Nawa suka samu?" Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin kusan duk wanda ke zaune a wurin nasa ɗan yana can wani gari. Aju kuwa ko kalma ɗaya ba ta ce masa ba a kan maganar. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ta shiga gari ta yi ta yawon shaguna har ta samo rigar sanyi mai kauri kamar katifa, irin wadda babu wanda ya taɓa mallaka a ƙauyenmu, ta kawo ta rataye a ƙusa.

Da tsuntsayen sanyi suka tashi, Alin ya tashi tare da su. Aju ta ce ba za ta iya zuwa filin jirgi ba, ta tsaya a bakin lungu ta ɗora masa rigar a hannu cikin zafin nan, ta juya da sauri. Mingdao ne ya kai su. Tun daga gari har filin jirgi bai ce uffan ba, har Guan ya yi ta gyaran murya yana kallon waje. Ya sauke musu akwatuna. Yalan ta rusuna ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri," ta bi iyayenta ciki. Ya rage daga shi sai ɗansa a gefen mota.

"Za mu zo in sanyi ya yi, Aba. Mako ɗaya, ko biyu in an ba ni hutu."

Zuciyar Mingdao ta ɗan motsa. "To, to. Kafin nan na fasa tagar. Banɗakin ma zan sa a yi."

Alin ya gyara rigar a hannunsa. "Ba sai ka wahala ba. Ka kama mana otal kusa da teku kawai."

Mai gadi ya hura usur ya ce a kawar da mota. Mingdao ya tsaya yana kallon yaron da ya yi wa wankan farko da hannunsa, sai abin da bakinsa ya saba ya fito.

"Ɗaki nawa?"

"Biyu. Da iyayenta za mu zo."

Ya gyaɗa kai. Ya daka wa ƙofar kafaɗa ta rufu, ya ja motar. Bai yi nisa ba ya gangara gefen titi, ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka sosai, dattijo mai furfura, motoci suna wucewa suna masa hon. Ya san babu wanda ya raba shi da ɗansa sai hannunsa, kuma ya san in aka sake mai da shi mararrabar nan bai tabbata zai bi dama ba. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo.

Rana ta yi sanyi ya iso gida. Aju tana zaune a bakin ƙofa tana tsinke ganye, ba ta ɗago ba.

"Ya ce yaushe?"

"In sanyi ya yi."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun ranar nan, idanunta sun kawo haske. "To ai sai in riƙa shanya katifarsa, kada laima ta cinye ta kafin lokacin. In fito da ita gobe?"

Mingdao ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe yana kwancewa.

Ya ce, "Bari tukuna."